Ciwon Sikizofireniya da Magungunan Daidaita Tunani: Asalinsa, Alamominsa da Hanyoyin Jinyarsa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce, "hauka maganinka Allah." Wannan magana tana ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce miƙa al'amari ga Mahalicci, wanda babu mai ja da shi a kan kowace irin cuta. Ta biyu kuwa ita ce fid da tsammani, wato ɗaukar cewa da zarar hankalin mutum ya taɓu, to babu sauran abin da hannun ɗan'adam zai iya yi masa illa tsaro da ɗauri. Wannan ma'ana ta biyu ce ta sa har yau ake ganin bayin Allah a bakin kasuwa da tashar mota da kan juji, wasu kuma a ƙuryar ɗaki da mari a ƙafa, alhali da yawa daga cikinsu suna fama ne da ciwon da aka san sunansa, aka san alamominsa, aka kuma fi shekara 70 da samun magungunan da ke sassauta shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ɗaya daga cikin manyan cututtukan taɓin hankali, wato sikizofireniya, cikin harshen Hausa. Za a fara da matsalar suna, sannan a dubi alamomin ciwon da musabbabinsa. Daga nan sai a bi tarihin magungunansa, da yadda suke aiki a ƙwaƙwalwa, da illolinsu, da ƙa'idojin amfani da su. A ƙarshe za a waiwayi halin da jinyar ciwon take ciki a Nijeriya.

2.0 Matsalar Suna

Hausa tana da kalmomi da dama na bayyana gushewar hankali. Akwai hauka, da taɓuwa, da zautuwa, da motsi, akwai kuma maganganu irin su "kansa ya kwance" ko "iska ta buge shi." Idan aka lura, waɗannan kalmomi suna nuni ne ga abin da ido ya gani a jikin mutum, ko kuma ga abin da ake zaton shi ne sanadi. Ba su rarrabe tsakanin wata cuta da wata ba. Don haka ƙarƙashin kalmar hauka akan haɗa wanda zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, da wanda ya ruɗe bayan bugun farfaɗiya, da wanda ƙwaya ta juya, da mai gigin tsufa, da mai jegon da hankalinta ya taɓu bayan haihuwa. Ga likita kuwa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa sanadi da nasa magani.

Wanda ya fara ware wannan ciwo daga sauran shi ne wani likita Bajamushe mai suna Emil Kraepelin. A bugun littafinsa na 1899 ya raba manyan cututtukan taɓin hankali gida biyu: wanda ke zuwa yana tafiya tare da hauhawa da faɗuwar yanayin zuciya, da kuma wanda ke kama mutum tun da ƙuruciya ya riƙa cin hankalinsa sannu a hankali. Ya kira na biyun da wani suna na Latin mai ma'anar lalacewar hankali da wuri. A 1908 wani likita ɗan ƙasar Siwizalan, Eugen Bleuler, ya nuna cewa ba kowane majinyaci ne hankalinsa ke ci gaba da lalacewa ba, ya kuma ƙirƙiro sunan sikizofireniya daga kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar tsagewa da hankali. Abin da yake nufi shi ne kwancewar igiyar da ta ɗaure tunani da shauƙi da aiki wuri guda. Ba ya nufin mutum ya rabu ya zama mutum biyu, kamar yadda wasu suka fahimta. Bisa ga wannan, fassarar da ta fi dacewa da shi a Hausa ita ce ciwon wargajewar tunani. Magungunansa kuwa, a wannan maƙala za a kira su magungunan daidaita tunani.

3.0 Yawansa da Alamominsa

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ke ɗauke da wannan ciwo, wato kusan mutum 1 cikin kowane 300. Babu wata ƙasa ko ƙabila da ta kuɓuta daga gare shi. Galibi yakan bayyana ne tsakanin ƙarshen shekarun balaga da shekara 30, kuma yakan riga kama maza kafin mata. Ke nan yana sauka ne daidai lokacin da matashi yake neman ilimi ko sana'a ko aure. Masana sun kasa alamominsa kashi uku.

3.1 Alamomin Ƙari

Waɗannan su ne abubuwan da ciwon ya ƙaro, waɗanda mai lafiya ba ya da su. Na farko shi ne jiye-jiye da gane-gane. Mafi yawa shi ne jin muryoyi: majinyaci ya ji ana zaginsa, ko ana ba shi umarni, ko mutum biyu suna hira a kansa, alhali babu kowa. A wurinsa muryar tabbatacciya ce kamar ta wanda ke zaune kusa da shi, shi ya sa akan gan shi yana surutai ko dariya shi kaɗai. Na biyu shi ne kafaffen zato, wato mutum ya ƙudurce abin da ba haka yake ba, kuma babu hujjar da za ta gusar da shi. Alal misali, ya yarda cewa ana sa masa guba a abinci, ko rediyo da shi take magana, ko ana cusa masa tunani a ka ana kuma zare wani. Na uku shi ne warwatsewar zance, inda magana ke tsalle daga wannan batu zuwa wancan har mai sauraro ya rasa kanta. Na huɗu shi ne rikicewar ɗabi'a, kamar tara tsummoki, ko yawo ba dalili, ko sandarewa wuri guda na tsawon sa'o'i.

3.2 Alamomin Ragi

Waɗannan kuma su ne abubuwan da ciwon ya ɗebe daga mutum. Fuska takan bushe ba fara'a ba ɓacin rai, magana ta ƙaranta, himma ta mutu, mutum ya janye jiki daga abokai, ya daina kula da wanka da wanki. Iyali sukan ɗauki wannan a matsayin lalaci ko taurin kai, su riƙa yi masa faɗa. A haƙiƙa kuwa ɓangare ne na ciwon, kuma shi ne ya fi hana majinyaci komawa bakin aikinsa.

3.3 Alamomin Raunin Fahimi

Akan sami rauni wajen tattara hankali, da riƙe abin da aka ji yanzu, da tsara aiki daki-daki. Sau da yawa waɗannan sukan riga sauran bayyana, ta yadda ɗalibi mai ƙoƙari zai fara ja da baya watanni ko shekaru kafin a ji ya ambaci wata murya.

3.4 Tantancewa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da sikizofireniya. Likita yana dogara ne da hira da majinyaci da danginsa, tare da gwaje-gwajen da za su kawar da zaton wasu cututtuka. Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya shardanta alamomin su ɗauki aƙalla wata 1, yayin da kundin likitocin Amurka ya nemi a ga matsalar ta kai wata 6. Haka kuma dole ne a auna zance da ma'aunin al'adar mai shi. Bahaushen da ya ce an yi masa sammu bai zama majinyaci don wannan furuci kawai ba, tunda magana ce sananniya a cikin jama'arsa. Abin dubawa shi ne ko zaton ya fita daga abin da danginsa ma za su yarda da shi, da kuma sauran alamomin da ke tare da shi.

4.0 Musabbabin Ciwon

Ciwon ba ya da sanadi guda. Abin da bincike ya tabbatar shi ne haɗuwar gado da abubuwan da mutum ya ci karo da su a rayuwa. Ta fuskar gado, wanda ɗaya daga cikin iyayensa yake da ciwon, yiwuwar ya same shi ta kai kimanin 10 cikin 100. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kuwa, idan ɗaya ya kamu, yiwuwar ɗayan ya kamu tana tsakanin 40 da 50 cikin 100. Wannan adadi yana koyar da abu biyu: gado yana da ƙarfi, amma ba shi kaɗai ba ne, domin da shi kaɗai ne da babu tagwayen da ɗaya zai tsira. Daɗin daɗawa, yawancin 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa da shi.

Daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin akwai wahalar haihuwa da ta hana jariri isasshiyar iska, da yunwa ko wasu cututtuka lokacin goyon ciki, da cin zarafi a ƙuruciya, da tashi a cunkoson birni, da zaman baƙunci cikin wariya. Tabar wiwi tana da matsayi na musamman, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya, yana kuma shan mai ƙarfi a kai a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: gado shi ne tsagar, waɗannan abubuwa kuma su ne masu shiga ta cikinta.

5.0 Tarihin Magungunan

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, abin da asibitocin Turai suke da shi bai wuce tsarewa ba, sai wasu hanyoyi masu haɗari. A shekarun 1930 an riƙa sumar da majinyata da allurar insulin, an kuma ɓullo da tiyatar yanke wasu jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, wadda ta nakasa dubban mutane kafin a yi watsi da ita. A nan gida kuwa, masu maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa sun daɗe suna amfani da saiwar wani tsiro da suke kira asofeyeje wajen kwantar da masu taɓin hankali, kamar yadda likita Raymond Prince ya bayyana a 1960. Tsiron ɗan'uwa ne ga wani tsiron Indiya da aka tatso sinadarin rizafin daga gare shi, kuma yana da tasiri na gaske a ƙwaƙwalwa.

Babban sauyi ya faro ne daga Faransa. A Disamba 1950 Paul Charpentier na kamfanin Rhône-Poulenc ya haɗa sinadarin kulofuromazin. Wani likitan tiyata, Henri Laborit, ya lura cewa maganin yana sa mutum natsuwa ba tare da ya sumar da shi ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a kan masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne da ke birnin Faris, suka ga muryoyi da kafaffen zato suna ja da baya. Wannan shi ne maganin da aka sani a asibitocinmu da sunan Largactil. A 1958 kamfanin Paul Janssen na Beljiyam ya samar da halofaridol. Waɗannan biyu da ire-irensu su ake kira magungunan zubin farko.

Zubi na biyu ya samo asali ne daga kulozafin. An fara amfani da shi a Turai a farkon shekarun 1970, amma a 1975 mutum 8 suka rasu a Finlan saboda ya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, sai aka janye shi a ƙasashe da dama. A 1988 wani bincike da John Kane ya jagoranta a Amurka ya nuna cewa kulozafin yana aiki ga waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, don haka aka dawo da shi bisa sharaɗin gwajin jini. Bayansa aka sami risfaridon a 1993, da olanzafin a 1996, da kwetiyafin a 1997, da arififirazol a 2002. A Satumba 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Cobenfy, wanda ya bambanta da duk na baya domin ba ya toshe makarɓan dofamin kai tsaye.

6.0 Yadda Magungunan Suke Aiki

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu, kuma saƙo yana tsallaka wannan rata ne ta hanyar wasu sinadarai. Ƙwaya ɗaya takan saki sinadarin, ɗayar kuma ta karɓe shi a wasu gurabe da za a iya kira makarɓa. Ɗaya daga cikin sinadaran shi ne dofamin, wanda daga cikin ayyukansa akwai nuna wa mutum abin da ya cancanci a mai da hankali a kansa. Idan ya yi yawa a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai abin da ba komai ba ya zama mai nauyi: tarin maƙwabci ya koma habaici, kallon mai wucewa ya koma leƙen asiri. A 1963 Arvid Carlsson na Suwidin, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, ya kawo hujjar farko cewa waɗannan magunguna suna toshe makarɓan dofamin ne. A tsakiyar shekarun 1970 aka tabbatar cewa ƙarfin kowane magani yana tafiya daidai da ƙarfin kamunsa ga makarɓan da ake kira D2.

Sai dai dofamin ba hanya ɗaya yake bi ba. Akwai hanyar da ta shafi alamomin ƙari, akwai wadda ke sarrafa motsin gaɓoɓi, akwai mai tsare sinadarin da ke kawo ruwan nono, akwai kuma mai zuwa gaban ƙwaƙwalwa inda himma da tsari suke. Magani ba ya zaɓen hanya, duk yakan taɓa su. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa ana samun amfani idan aka toshe kimanin 65 cikin 100 na makarɓan, illolin motsi kuma sukan yawaita idan aka haura 80 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa ƙara yawan magani fiye da kima ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara wahala. Shi ne kuma ya sa magungunan suka fi tasiri a kan alamomin ƙari, amma tasirinsu a kan alamomin ragi da raunin fahimi kaɗan ne.

7.0 Illolin Magungunan

Magungunan zubin farko sun fi kawo illolin motsi. Akwai karkarwar hannu da sanƙarewar jiki da tafiyar sanɗa da dalalar miyau. Akwai kasa zama wuri ɗaya, wanda akan yi kuskuren ɗauka ciwon ne ya tashi. Akwai kuma murɗewar wuya da kafewar ido sama da fitowar harshe, waɗanda kan auku a kwanakin farko, musamman ga samari. Wannan yakan firgita iyali har su ce aljanu ne suka ƙi maganin, alhali allura guda tana warware shi cikin mintoci. Bayan shekaru ana sha, wasu kan sami motsin baki da harshe da ba su iya hanawa, kuma wannan yana iya zama na dindindin. Akan ba da banzeksol, wanda aka sani da Artane, don rage karkarwa da sanƙarewa, amma ba ya maganin motsin bakin, kuma ƙwaya ce da wasu matasa suka mayar abin maye, don haka tana bukatar tsaro a gida.

Magungunan zubi na biyu sun rage illolin motsi, amma wasunsu, musamman olanzafin da kulozafin, suna kawo ƙiba da ciwon sukari da hauhawar kitse a jini. Risfaridon da halofaridol suna iya ɗauke haila, su kawo zubar ruwan nono da raunin sha'awa, abin da kunya kan hana majinyaci faɗa sai dai ya daina shan magani a ɓoye. Kulozafin yana karya fararen ƙwayoyin jini ga kusan mutum 1 cikin 100, don haka ake gwada jini kowane mako a watannin farko. A nan akwai abin lura ga likitocinmu: yawancin 'yan asalin Afirka ta Yamma adadin waɗannan ƙwayoyi a jininsu ya ɗan gaza na Turawa tun asali ba tare da wata cuta ba, kuma rashin la'akari da haka yakan sa a hana su maganin ba bisa ƙa'ida ba. Illa mafi haɗari, ko da yake ba ta cika aukuwa ba, ita ce zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa. Wannan na bukatar a garzaya asibiti nan take.

8.0 Ƙa'idojin Jinya

Ƙa'ida ta farko ita ce gaggawa. Bincike ya nuna cewa gwargwadon daɗewar mutum da ciwon ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowarsa. Ta biyu ita ce a fara da magani ɗaya, a kan mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki. Barci da natsuwa sukan samu cikin kwanaki, amma muryoyi da kafaffen zato sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin su lafa. Idan aka gwada magunguna biyu daban-daban, kowanne na tsawon lokacin da ya dace, ba a ga sauƙi ba, to sai a koma ga kulozafin. Kusan kashi 1 cikin 3 na majinyata suna cikin wannan rukuni.

Ƙa'ida ta uku ita ce ɗorewa, kuma a nan ne aka fi faɗuwa. Maganin yana danne ciwon ne kamar yadda maganin hawan jini yake yi, ba ya tumɓuke shi. Wani nazari da Stefan Leucht da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya tattara gwaje-gwaje 65, ya gano cewa cikin shekara 1 ciwon ya dawo wa 27 cikin 100 na masu ci gaba da shan magani, amma ya dawo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka yanke musu. Duk da haka riƙe magani abu ne mai wuya ko'ina. A wani babban gwaji na Amurka da aka buga a 2005, 74 cikin 100 na majinyatan sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18. Bayan tashin farko akan shawarci a ci gaba da sha na aƙalla shekara 1 zuwa 2, wanda kuwa ciwon ya sha dawo masa yana iya bukatar shekaru masu yawa. Ragewa ko dainawa aikin likita ne, kuma a hankali ake yin sa. Ga mai yawan mantuwa akwai allurai masu daɗewa a jiki, irin su Modecate, da ake yi bayan mako 2 zuwa 4. Mai azumi zai iya neman likita ya mayar masa da sha da dare, mai ciki ko mai shayarwa kuma ta nemi shawara kafin ta taɓa maganinta.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce magani kaɗai bai wadatar ba. Binciken da George Brown ya faro a Ingila, wanda Vaughn da Leff suka ƙarfafa a 1976, ya nuna cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan kushe majinyaci da tsangwamarsa, ko ake kankane masa komai. Don haka ilmantar da iyali, da koyar da sana'a, da nisantar wiwi, da lura da nauyin jiki da sukari, duk jinya ce. Masu wannan ciwo sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin tsararrakinsu, galibi saboda ciwon zuciya da sukari da sauran cututtukan jiki da ba a kula da su ba, kuma kimanin 5 cikin 100 sukan halaka kansu. Mafi yawansu ba masu ta'adi ba ne, hasali ma su aka fi cutarwa. Aure kuwa, da wasu iyaye kan ɗauka magani ne, ba ya warkar da ciwon, kuma ɓoye wa abokin zama gaskiya yakan haifar da saki da sabon tashin ciwo.

9.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gidajen tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904 da Yaba ta Ikko a 1907, kuma aikinsu tsaro ne kawai. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci kan sauka a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani, ana kuma tafiya da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya. Haka nan Ibadan tana cikin cibiyoyi 9 na binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka faro a ƙarshen shekarun 1960, wanda ya ba da rahoton cewa majinyatan Ibadan da Agra ta Indiya sun fi na biranen Turai samun sauƙi, ko da yake masana sun yi ta muhawara a kan wannan sakamako daga baya.

A yau akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a wurare irin su Aro da Yaba da Binin da Kalaba da Inugu, a Arewa kuma akwai na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Amma likitocin wannan fanni a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kawai ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma yawancinsu a birane suke. Kuɗin magani da na mota daga aljihun iyali suke fita, shi ya sa da an ga sauƙi sai a daina zuwa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure majinyata da sarƙa a cibiyoyi iri-iri a faɗin ƙasar. Ta fuskar doka an sami ci gaba, domin a Janairu 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyaci.

Tun da yawancin iyalai sukan fara ne da malami ko mai maganin gargajiya, gaba da waɗannan ba ta da amfani. Wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya na matakin farko suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, majinyata sun fi samun sauƙi. Addu'a da ƙwayar magani ba kishiyoyi ba ne. Abin da ya wajaba a kawar shi ne duka da ɗauri da horon yunwa da kuma jinkiri.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa sikizofireniya ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai sanannun alamomi, wanda gado da yanayin rayuwa suke haɗuwa su haifar. An ga cewa magungunan daidaita tunani, tun daga kulofuromazin na 1952 har zuwa na baya-bayan nan, suna kwantar da muryoyi da kafaffen zato, suna kuma rage dawowar ciwon da fiye da rabi, amma suna da illolin da sai an sa musu ido, kuma ba su isa su mayar wa mutum himmarsa da sana'arsa su kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: likita da iyali da malamai da hukuma kowa yana da nasa rabo.

Akwai kuma rabon manazarta harshe. Muddin kalmar hauka ce kaɗai ke bakin jama'a, to uwar da ɗanta ya fara kulle kansa a ɗaki yana magana shi kaɗai za ta gwammace ta ɓoye shi da ta kai shi asibiti. Samar da daidaitattun kalmomin Hausa na wannan fanni, da shigar da su cikin shirye-shiryen rediyo da littattafan makarantu da takardun bayanin magani, aiki ne da ya kamata sassan harsunan Nijeriya su yi tare da likitoci, domin majinyaci da danginsa su san sunan abin da ke damunsu da inda za su nufa da shi.